Kunne Ya Girmi Kaka, Kada Mu Bari Ya Tsufa a Aji

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban allo a tsakiyar damina, cikin ajin da aka rufa da kwano babu silin, ya san abin da ke faruwa da zarar ruwa ya kece. Bakinsa na motsi, amma ɗaliban layin baya ba sa jin ko kalma guda. Ya ɗaga murya har maƙogwaro ya yi zafi, daga bisani ya ajiye alli ya jira sama ta tsagaita. Da rani kuwa, in ba injin niƙa na bayan katanga ba, to baburan kan hanya ne, ko janaretan mai cajin waya, ko lasifikar mai tallar magani ranar kasuwa. Mun saba da wannan hali a makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum har mun daina ɗaukarsa matsala. Ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, matsala ce babba, kuma maganinta na farko yana hannunmu: darasin sauti da ke cikin manhajar kimiyya ta firamare da ƙaramar sakandare, wanda da yawanmu ke rubutawa a allo a kwafe, a wuce.

Babu darasin da ya kai wannan sauƙin koyarwa a ƙasar Hausa, domin kayan gwajinsa suna zagaye da mu. Sauti girgiza ce. Idan makaɗi ya bugi fatar ganga, fatar tana karkarwa, ta tunkuɗi iskar da ke kusa da ita, wannan iska ta tunkuɗi ta gaba, har motsin ya iso kunne. A zuba ƙwayoyin gero a kan fatar a buga, yara za su ga girgizar da idonsu. Mai kalangu idan ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ƙara ɗamewa, ta yi saurin karkarwa, sai murya ta yi sama. Idan ya saki, ta yi ƙasa. Da irin wannan hikima kotson marigayi Musa Ɗanƙwairo ya riƙa magana a fadojin sarakuna. Harshenmu ma haka yake tafiya: hawa da saukar murya ne ke raba wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha, ya raba kukar miya da kukan jariri. Yaron da bai ji wannan bambanci sosai ba, Hausar ma sai ta yi masa gardama, balle Turanci da Larabci.

Masana suna auna saurin girgizar da ma'aunin da ake kira hatz, wato sau nawa abu ya karkaɗa a daƙiƙa guda. Lafiyayyen kunnen yaro yana jin daga 20 zuwa 20,000. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, kimanin mita 1,480 cikin ruwa, fiye da mita 5,000 cikin ƙarfe. Yaran da ke wanka a gulbin Zamfara sun san cewa in aka gwara duwatsu biyu a ƙarƙashin ruwa, ƙarar tana isowa kunne tar. Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. A sa ɗalibai su ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakani su raba da uku, abin da ya fito shi ne nisan hadarin a kilomita. Ga lissafi, ga kimiyya, ba a sayi komai ba.

Inda ya kamata mu fi tsayawa shi ne ƙarfin sauti, wanda ake aunawa da desibel. Hira ta yau da kullum tana kai kimanin 60. Tun a 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke shigowa aji lokacin darasi ta wuce 35, domin muryar malami ta fita sarai. Masana lafiyar ma'aikata kuma sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, a 100 kuwa minti 15 kacal. Dalili shi ne, bayan dodon kunne akwai wasu ƙananan ƙasusuwa uku da ke miƙa girgiza zuwa wani sashe mai siffar katantanwa, inda dubban siraran ƙwayoyin halitta masu kama da gashi ke mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar ba ta zuwa da ciwo ko jini; a hankali take ci, sai an wayi gari mutum na cewa a maimaita masa magana. A rahotonta na 2021 hukumar ta ce mutum miliyan 430 a duniya suna da raunin ji da ke bukatar kulawa, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗari saboda yadda suke sauraren sauti mai ƙarfi.

Mu a wannan yanki muna da ƙarin dalilin damuwa. Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kafin daga baya a gano girman abin a Bagega. Niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ne ya baza ƙurar. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, bincike kuma ya danganta ta da raunin ji; injinan niƙan da kansu ƙararsu ta isa ta lalata kunnen yaron da ya yini kusa da su. Sannan ga sanƙarau da ya addabi Zamfara a 2017, cutar da aka san tana barin wasu daga cikin waɗanda suka warke da kurumta. Ga ƙyanda, ga hangum, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa da iyaye kan yi wa sakaci. Yaran da suka ratsa waɗannan jarrabawoyi sun zauna a azuzuwanmu, ƙannensu na zaune yanzu. Sau nawa muka kira yaro daƙiƙi, ko muka ɗaga masa bulala don ya ƙi amsawa, alhali bai ji kiran ba ne?

Malami ma ba a bar shi a baya ba. Murya ita ce fartanyarsa. Ajin da ya cika ya batse, musamman inda 'yan gudun hijira suka ƙaru a kan 'yan gari, yana tilasta masa yin ihu daga safe har tashi, shekara da shekaru, har murya ta dishe ta ƙi komawa daidai. Wannan lalura ce ta wurin aiki, kuma haƙƙin ƙungiya ne ta ɗauke ta da muhimmancin da take ba batun albashi da ƙarin girma.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa malamai da su fitar da wannan darasi daga allo zuwa hannun yara. A kawo ganga da sarewar kara, a ɗaura zare tsakanin gwangwanaye biyu a yi waya. A farkon kowane zango a tsaya bayan kowane ɗalibi a yi masa raɗa, kunne ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai amsa ba a dawo da shi layin gaba, a sanar da iyayensa, a ba su shawarar zuwa asibiti. Mu riƙa fuskantar ɗalibai in muna magana, kada mu yi bayani muna kallon allo. Kuma mu daina mari kwata-kwata, domin tafin hannu guda a kan kunne yana iya fasa dodonsa.

Ga iyaye, ciki har da iyalanmu, kunnen da ke zubar da ruwa na asibiti ne. Kada a ɗura masa mai ko a soka masa tsinke. A kai yara allurar rigakafi. A rage aiken ƙanana su tsaya jiran niƙa a bakin inji, a kuma lura da matasan da ke kwana da abin sauraro a kunne.

Ga sassan ilimi na ƙananan hukumomin uku da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, bukatarmu mai sauƙi ce: duk ajin da za a gina ko a gyara, a sa masa silin. Ga kwamitocin kula da makarantu da masu unguwanni, a zauna da masu injina cikin mutunci, don su ma abincinsu suke nema. Kimiyya tana tare da sulhu a nan, domin a fili duk ninka nisa yana rage ƙara da kimanin desibel 6. Matsar da inji daga mita 10 zuwa mita 40 ya rage 12. Doka ma tana nan: tun 2009 hukumar kare muhalli ta NESREA take da ƙa'idojin taƙaita hayaniya.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. Muna ba da shawarar kowace makaranta a wannan reshe ta ware darasi guda a makon don gwajin raɗa da bayanin sauti, shugabannin makarantu su aiko wa ofishin reshe adadin yaran da aka samu da matsala, domin mu je gaban hukuma da alƙaluma a hannu. Magabata sun ce kunne ya girmi kaka, saboda ta kunne ake gadon labarin da ido bai gani ba. Ta nan karatu ke shiga, ta nan tarbiyya ke shiga. Amanar wannan ƙofa tana wuyanmu, Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.