Ra'ayinmu: 'Yan matan da ke girma a ƙarƙashin mulkin daji

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Suleja da asuba zai ga motoci cike da ma'aikatan gwamnatin tarayya suna rige-rigen isa Abuja kafin cunkoson Zuba ya tsananta. Da yawansu daga unguwanni irin su Magajiya suke fitowa, inda kuɗin haya bai kai na birnin tarayya tsada ba. Waɗannan bayin Allah su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu. Don haka su muke nufi da wannan magana, kuma magana ce a kan jihar da suke kwana a cikinta.

A watan Afrilun 2021, gwamnan Neja na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya shaida wa manema labarai cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure da ke ƙaramar hukumar Shiroro, sun kuma ƙwace matan mutane sun raba wa mayaƙansu. Ya ƙara da cewa tsakanin wurin da Abuja tafiyar sa'o'i biyu ce. Jaridu sun riƙe maganar sa'o'i biyun, domin ita ce ta tsorata birnin tarayya. Maganar matan kuwa ba ta kwana uku a bakin mutane ba. Kafin shekarar ta ƙare, rahotanni daga Shiroro suka ce masu ɗauke da makaman sun umarci iyaye su aurar da duk yarinyar da ta kai shekara 12. Yarinyar da ke da wannan shekarun a lokacin yanzu ta zama budurwa ko uwa, kuma a iya saninta, hukuma ita ce mutumin da ke zuwa kan babur da bindiga a kafaɗa.

A ƙauyukan da 'yan bindiga suka mamaye a Shiroro da Rafi da Munya da Mariga, haraji ake biya kafin a yi noma, a sake biya kafin a girbe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rabon da ke faɗa wa 'ya mace a wannan tsari. Ita ake sa wa girki idan sun sauka a gari. Ita ake aika kasuwa sayen burodi da katin waya, saboda ba a cika tsare yarinya mai ɗauke da tire a shingen bincike ba. A cikin saƙon kuma akan cusa tiramadol ko tabar wiwi. Ƙwaya ba ita ce tushen arzikin 'yan bindigar Arewa ba, kuɗin fansa da satar shanu da ma'adinai sun fi ta, amma ita ce ke ɗauke wa yaro ɗan shekara 17 tausayi da gajiya har ya yi abin da ya yi. Shi ya sa hukumar NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa, ke yawan sanar da kama masu kai wa 'yan bindiga ƙwayoyi, 'yan sanda kuma kan gabatar da mata a cikin waɗanda ake zargi. Tambayar da muke so a riƙa yi a irin wannan taro ita ce shekarun wadda aka kama nawa, kuma wa ya aike ta.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake ganin haka ba. Marubuciya Jennifer Clement ta gina littafinta na 2014, Prayers for the Stolen, a kan ƙauyukan jihar Guerrero ta Meziko, inda iyaye mata ke aske gashin 'ya'yansu, su muzanta su, su haƙa musu ramukan ɓuya saboda dillalan ƙwaya. A can ɓoye yarinya ake yi. A nan sau da yawa uba aurar da ita yake yi da wuri, ko ya tura ta birni wajen wanda bai sani ba. Wanda bai taɓa jin ƙarar babura hamsin da tsakar dare ba, ya yi hattara wajen yanke wa wannan uba hukunci.

Gwamnati takan motsa ne idan aka ɗebi yara daga makaranta, domin makaranta tana da rajista. Mun san ɗalibai 27 aka kwashe a Kagara ranar 17 ga Fabrairun 2021. Mun san yaran Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina sun shafe kusan wata uku a daji a wannan shekarar. Mun san wasu daga cikin 'yan matan kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri sai a 2023 suka dawo, wasunsu da goyo. Amma yarinyar da aka ɗauke a hanyar rafi, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta da takardar haihuwa, sunanta ba ya cikin kowane fayil. Abin da ba ya cikin fayil kuwa, ma'aikaci ya fi kowa sanin ba ya shiga kasafin kuɗi.

Sau ɗaya ƙasar ta waiwayi irin waɗannan yara sosai, a watan Mayun 2024, lokacin da kakakin majalisar dokokin Neja, Abdulmalik Sarkindaji, ya ce zai ɗauki nauyin aurar da 'yan mata 100 a Mariga, galibinsu marayun da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye. Ministar harkokin mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta ƙi amincewa, aka yi ta cacar baki, daga baya aka sasanta. Kowane ɓangare yana da hujjar da za a saurara. Abin takaicin shi ne sai da maganar aure ta taso sannan Abuja ta san da zamansu.

Ba kuɗi ne suka yi ƙaranci a takarda ba. Tsarin samar da kuɗin kare makarantu na 2023 zuwa 2026 an ƙiyasta shi a kan naira biliyan 144.8. Ya kamata ma'aikatar kuɗi ta wallafa nawa aka saki, da kuma nawa ya isa Neja. Ya kamata hukumar UBEC da gwamnatin jiha su ba da umarni a rubuce cewa duk makarantar gwamnati a Suleja da Minna da Kontagora ta karɓi yarinyar da ta gudo daga ƙauye ko ba ta da takarda ko ɗaya. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ta kai rajistar haihuwa wuraren da 'yan gudun hijira suke. NDLEA kuma ta ware ƙananan yara da aka kama da saƙon ƙwaya, ta miƙa su ga masu kula da walwalar jama'a, ta bi sawun mai shagon da ya sayar. Madatsar ruwan Shiroro megawat 600 aka gina ta ta bayar, kuma da wutarta ake kunna na'urar sanyaya ofisoshi da dama, saboda haka hukumar raya yankunan madatsun ruwa da ke da hedikwata a Minna tana da nata kason nauyin.

Sai abin da ya shafi gidan mai karatu. Suleja gari ne da masu gudun hijira daga Zazzau suka kafa a ƙarni na 19, kuma Magajiya sarauta ce ta mata tun zamanin Daura. A irin waɗannan unguwanni ne ake kawo yarinya daga ƙauye, a ce 'yar aiki ce, albashinta kuma yana tafiya hannun matar da ta kawo ta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ko ta haura haka, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa mai riƙon yaro ya sa shi makaranta har ƙaramar sakandare. Ma'aikacin da zai fita kama mota gobe da asuba ya tambayi wadda ta ɗora masa ruwan wanka sunan ƙauyensu, da ajin da ta tsaya.