In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Iskar Babur da Jin Mutanen Gabashin Sakkwato

A ƙasar da ke tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, babur shi ne ƙafar jama'a. Shi ke ɗauko albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno zuwa kasuwar Achida, shi ke fito da mai naƙuda daga ƙauyukan Gandi zuwa asibiti, shi ne kuma ke kai malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da malamin gona bakin aikinsu, musamman tun daga watan Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya soma gagarar mai albashi. Idan aka tashi lissafa haɗurran wannan abin hawa, karaya da fashewar kai da 'yan bindiga ake ambata. Akwai ɓarna ta huɗu wadda ba ta zubar da jini, shi ya sa ba a kai ta asibiti: iskar da ke bugun kunnen mai tuƙi tana cinye jinsa kaɗan-kaɗan, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

A wani wurin za a iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar damuwa. A gabashin Sakkwato kuwa, inda sau da yawa kunne ke riga ido sanin cewa masifa na tafe, kare ji yana cikin kare rai. Abin mamaki shi ne, wannan dalilin da ya kamata ya sa mai babur ya tattala kunnensa, shi ne dalilin da yake kafawa ya ƙi kare shi.

Abin da iska ke yi wa kunne

Akasarin masu babur sun ɗauka ƙarar inji ce matsalar. A cikin gari haka ne. Amma da zarar an hau kwalta gudu ya kama, iskar da ke karyewa a gefen kai da wuya ita ke rinjayar komai. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kusan desibel 60. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sanya desibel 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal.

Wani likitan kunne a Ingila, Andrew McCombe, wanda ya yi bincike a kan masu babur tun shekarun 1990, ya nuna cewa ƙarar iska a ƙarƙashin hular kwano tana kai kusan desibel 90 a gudun kilomita 60 cikin awa, tana hauhawa har 110 a gudun kilomita 160. Boxer da ire-irensa da suka cika hanyoyin Sakkwato ba su kai wancan gudu na ƙarshe, amma suna yin 80 ba tare da wahala ba, kuma a nan ƙarar tana kewayen desibel 95. Wato ɗan kabu-kabun da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Achida ya nufi Goronyo a guje, yana iya cinye rabon kunnensa na yini guda tun kafin ya sauke fasinjan farko. Zai kuma komo, watakila ya sake sawu na biyu. Da hunturu, idan ya fuskanci iskar arewa maso gabas, gudunta yana haɗuwa da nasa, kunne ya sha fiye da abin da agogon babur ke nunawa.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata ƙaramar gaɓa mai siffar katantanwa, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu siririn gashi kimanin 16,000. Su ke juya motsin sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana galabaitar da su. Wannan ne ya sa mutum kan sauka daga doguwar tafiya ya ji kunnensa ya dushe kamar an zuba masa ruwa, ko ya ji wani siririn kuka a ciki. Yakan kwana ya tashi garau, sai ya ɗauka gajiya ce. Idan abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, ƙwayoyin sukan mutu, kuma jikin ɗan Adam ba ya tsiro da wasu a madadinsu. Babu allura, babu ɗigon magani, babu tiyatar da ke tayar da su.

Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu kama siraran sautuka. Saboda haka mai wannan lalura yana jin murya sarai, amma sara da shara da fara da tsara sukan cakuɗe masa, musamman a cikin hayaniyar kasuwa ko ta waya. Shi bai san ya rasa wani abu ba, gani yake mutane sun daina buɗe baki idan suna magana. Iyalinsa kuma sukan ce ya koyi kunnen uwar shegu, fasinja ya ce girman kai ne, mai gidansa ya ce kunnen ƙashi gare shi. Kafin a gane ciwo ne, an riga an ɓata da mutane da yawa.

A wannan yanki kunnen ba ya samun hutu bayan an jingine babur. Mutumin da ke kabu-kabu da safe, sau da yawa shi ne ke tsugune kusa da injin ban-ruwa da yamma a gonar rani, a gaɓar Gulbin Rima ko a filayen da madatsar ruwa ta Goronyo ke shayarwa. Ga injin niƙa a unguwa, ga janareta a bakin shago. Kunne ba ya bambanta tushen ƙara, jimilla yake lissafawa. A kan wannan kuma sai a ƙara salansar da aka huda da gangan don babur ya yi amo, da iyafis da matashi ke cusawa ya ƙure sautin waƙa domin ta fi ƙarfin iska. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, domin an kawo ƙara ta biyu an ajiye ta a bakin dodon kunne.

Hujjar da ba a raina ta

Duk wanda ya shawarci mai babur a Rabah ko Goronyo da ya sa wani abu a kunne, amsa ɗaya zai samu: a wannan hanyar? Amsar tana da nauyi. Mutanen Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah ba su manta da watan Yulin 2018 ba, mutanen Goronyo kuma ba su manta da Lahadi 17 ga Oktoban 2021 ba, ranar da aka afka wa kasuwarsu aka kashe mutum fiye da 40. A ƙauyuka da dama, rugugin ayarin babura daga nesa ko amon bindiga shi ne gargaɗin farko, wani lokaci shi ne kaɗai. Ga kuma shingayen jami'an tsaro, inda rashin jin umarnin tsayawa kan iya jawo abin da ba a fata. Mutumin da rayuwa ta koya wa kasa kunne ba zai karɓi zancen toshe shi da sauƙi ba.

Sai dai hujjar ta ginu a kan zaton cewa mai gudu da buɗaɗɗen kunne yana jin abin da ke kewaye da shi. A gudun kilomita 80, iska ta riga ta toshe masa kunne da ƙarar da ta kai ta injin niƙa. Ba ya jin babur daga nesa, da ƙyar yake jin hon na motar da ke bayansa. Matoshin kunne na soso ko na roba ba ya kashe sauti, rage shi yake yi. A hannun mai amfani na yau da kullum ragin yakan kai desibel 10 zuwa 20. Iska da hon suna sauka tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa, kunne kuwa ya fita daga matakin da yake rikicewa. Shi ya sa binciken da aka yi a Ingila ya gano cewa a babban gudu matoshi ba ya hana jin sautin gargaɗi, har yakan taimaka. A ƙaramin gudu ne yake zama cikas, a nan kuma ba a bukatarsa.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Lokacin da mutum ya fi bukatar kunnensa shi ne bayan ya tsaya: a bakin rafi yana sauraren ko akwai motsi a tsallake, a mashigar ƙauye da magariba, ko cikin dare yana kwance da iyalinsa. Wanda ya wuni iska na dukan kunnensa, a waɗannan sa'o'in jinsa a dushe yake. Wanda ya shekara goma a haka, dushewar ta zauna masa. Ƙin kare kunne saboda tsaro kamar ƙin rufe rumbu ne don a riƙa ganin hatsi, alhali ruwan sama na shiga.

Abin da ke hannun mai babur

Mataki mafi arha shi ne rage gudu. Saukowa daga 80 zuwa 60 yana mayar da lokacin da kunne zai jure daga ƙasa da awa guda zuwa fiye da awa 2, kuma yana rage shan mai. Inda tsaro ya tilasta a wuce da sauri, a nan matoshi ke da aiki. Na soso ana murza shi ya sirance, a ja saman kunne da ɗayan hannun, a zura shi, a riƙe har ya kumbura. A sa shi a kan doguwar kwalta, a cire idan an shigo gari ko an hango shinge, a canza shi idan ya yi dauɗa, kada kuma a karɓi aron na wani. Wanda kunnensa ke fitar da ruwa ko ke ciwo ya nemi magani tukuna. Wanda kuma jinsa ya riga ya ragu sosai ya fara zuwa gwaji, domin a wurinsa matoshi na iya ɓoye sautin da yake bukata. Auduga da mutane suka saba cusawa tana tare ƙura da sanyi, amma abin da take ragewa na ƙara kaɗan ne ƙwarai.

Hular kwano wajibi ce saboda kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo alkaluman da ke nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Amma ita kaɗai ba ta magance iska. Wadda ta yi wa kai yawa, ko wadda aka bar igiyarta na reto, iska takan shige ta ƙarƙashinta ta yi ta kaɗawa a gefen kunne kamar ganga. Wadda ta kama kai, ta rufe haɓa, aka kuma naɗa ƙyalle ko rawani a wuya ya toshe gibin da ke ƙasa, ta fi shiru nesa ba kusa ba. Sai gyaran salansa, da barin waya a aljihu har a tsaya.

Wanda ya kamata ya ɗauki maganar

Tarihi ya riga ya nuna hanyar da ba ta ɓullewa. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta sanya hular kwano, sai ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, labarin ya zaga duniya. An kawo doka da tara kafin a kawo bayani. Masu babur na gabashin Sakkwato kuma sun sha dokoki, har da takunkumin da gwamnatin jihar ta sanya wa zirga-zirgarsu a 2021 saboda matsalar tsaro. Wata sabuwar doka ba abin da za ta haifa sai sabon dalilin tsayar da talaka a hanya.

Maganar ta fi dacewa da bakin shugabannin ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, waɗanda ke karɓar kuɗin tikiti kullum kuma ana jin maganarsu a tasha. Matoshin soso guda biyu ba su kai kuɗin litar fetur ba. Ƙungiyar da za ta saro su da yawa ta ajiye a tashoshin Achida da Wurno da Rabah da Goronyo ta yi wa 'ya'yanta aikin da ya fi rabon kalanda. Masu sayar da kayan babur su ma za su kawo su da zarar an fara tambaya.

Ma'aikatan lafiya a matakin farko suna da nasu rabon, kuma tambaya biyu ta isa a fara: kunnenka yana kuka bayan tafiya? Kana wahalar gane magana a cikin taro? Wanda ya amsa da e, a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda za a auna jinsa. Ƙasar nan tana da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, duniya kuma ta keɓe 3 ga Maris ta kowace shekara domin lafiyar ji. Babu abin da zai hana a yi taron wannan rana a tashar babura ta Goronyo maimakon ɗakin taro a babban birni. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin jin da ke bukatar kulawa, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda na'urar taimaka wa ji ta fi ƙarfin aljihun ma'aikacin gwamnati, balle ɗan kabu-kabu.

Malamai da ma'aikatan jinya da jami'an ƙananan hukumomi da ke bin waɗannan hanyoyi kowace safiya su ne suka fi cancanta su fara, domin iskar ba ta tambayar takardar shaidar karatu, kuma na bayan babur yana shan kusan abin da na gaba ke sha. Malamin da ya kasa jin ɗalibin da ke layin baya, da ma'aikacin jinyar da ya kasa jin numfashin jariri, sun yi asarar kayan aikinsu kamar yadda ɗan kabu-kabu ya yi. Idan aka saba ganin irinsu suna ciro matoshi daga aljihu kafin su hau, abin zai daina zama baƙo a tasha, kuma matashin da ya karɓi babur bana yana da damar kai shekara hamsin yana jin sallamar baƙo daga zaure.