Kafin Jariri Ya Kai Gidan Marayu

Ranar Kirsimeti ta 2019 jami'an tsaro suka dira gidan marayu na Du Merci a yankin Sabon Gari na Kano, suka kama mai gidan, Farfesa Solomon Tarfa, suka kwashe yara 19. Kafin mako ya zagayo aka kwaso wasu 8 daga reshen Kaduna, aka haɗa su a gidan yara na gwamnati da ke Nassarawa a Kano. Tarfa ya yi kusan shekara a tsare. A Yunin 2021 babbar kotun jiha ta wanke shi daga tuhumar satar yara, a Maris na 2022 aka yanke masa ɗaurin shekara biyu kan zargin takardar rajista ta jabu, a Janairun 2023 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Tun daga lokacin maganar ta zauna a bakin mutane da siga ɗaya. A teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, abin da ake ji shi ne gidan marayun mishan tarko ne na raba yara da addininsu, a rufe su kowa ya huta. Can ƙetare kuma ƙungiyoyin Kirista sun ɗauki labarin a matsayin shaidar tsangwama, suna neman a mayar da yaran. Ɓangarorin biyu ba sa ga maciji da juna, amma sun yi tarayya a kuskure guda: kowanne ya fara lissafi daga ranar da jariri ya riga ya rabu da uwarsa. Abin da suke ja a kai shi ne gidan wa zai shiga, da sunan da za a raɗa masa. Yadda aka yi ya bar bayan uwarsa kuwa, babu mai tambaya.

Tsoron da Kanawa ke ji yana da tushe. Wata biyu kafin samamen Du Merci, a Oktoban 2019, 'yan sanda suka baje kolin yara tara da aka sace a Kano aka gano su a Anacha, an sauya musu suna da addini. Gwamna Ganduje ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, kuma a 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Sai dai waɗannan 'yan fataucin yara ne, kuɗi suke nema. Abin da ya kamata ya tsaya wa mutane a rai shi ne sunayen unguwannin da aka ɗauke yaran: Sauna, Dakata, Kwanar Jaba, Kawo, Yankaba, Hotoro. Unguwanni ne na 'yan ƙwadago da suka kewaye Bompai, inda gidan haya ɗaya ke ɗauke da iyalai da yawa, manya su fita neman abinci tun da sassafe, raino ya koma hannun yarinyar da ita ma raino take buƙata.

Duk wanda ya taɓa bi ta Sharada ko hanyar Panshekara zuwa Challawa da hantsi bai fito ba ya ga matan nan a ƙofar kamfanoni, da hijabi da ƙullin abinci, suna jiran a buɗe. Manyan masaƙu sun daɗe da yin shiru, tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta da kwararowar yadin waje. Abin da ya rage shi ne kamfanonin roba da leda da buhu da tabarma, na shinkafa da taliya da alewa, sai majemu. Da yawansu hannun mata suke so wajen tsinta da ƙullawa da shirya kaya a kwali, kuma da yawan matan ba ma'aikatan kamfanin ba ne a takarda. Ɗan kwangila ne ya kawo su, biyan yini ake yi musu ko biyan abin da hannu ya yi.

Nan ne doka ke zama ado. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta ƙasa ya ba mace hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini don ta ba ɗanta nono. To, rabin awa ta je ina? Jaririn yana Ja'en ko Zawaciki ko Sauna, ita tana bayan katanga mai maigadi. Wadda ake yi wa biyan yini kuma ba ta da hutu, ranar da ba ta zo ba wata ta maye gurbinta. Ko mafi ƙarancin albashin nan na ₦71,000 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta amince da shi a 2024 bai iso gare ta ba, domin dokar albashin ta tarayya ta cire masu aikin wucin gadi da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Wanda yake ganin an cika baki ya tuna Yunin 2020, lokacin da 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, an kulle su wajen wata uku da sunan kullen korona. Wurin da za a iya yi wa ƙarti haka, mai jego ba ta da bakin neman rabin awarta.

Sakamakon a bayyane yake. Da ta yi arba'in, wata ma kafin nan, sai ta koma bakin aiki, a bar jinjiri da koko da ruwan leda, tunda gwangwanin madara ya fi ƙarfin kuɗin yininta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Ga kuma wadda ba a son ambata: yarinyar da ta zo aiki daga ƙauye ta yi cikin da ba na aure ba, wanda ya yi ya gudu, gida ba ya komuwa. Ita ce ake tsintar ɗanta a kwali a bakin kwalbati, a kai wa mai unguwa, daga nan sai 'yan sanda ko Hisba, sai asibiti, sai Nassarawa. Gidan da ya buɗe mata ƙofa da daddare bai tambaye ta komai ba, shi zai samu jaririn. Mai zagin wannan gida alhali bai buɗe nasa ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Haka mishan ta saba shigowa tun farko, ta ƙofar da aka bari a buɗe. Da Turawan mulki suka rasa yadda za su yi da yaran da aka ƙwato daga masu fataucin bayi, mishan ta SUM ta Karl Kumm ce ta buɗe musu gida a Rumasha a 1909. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, da yardar sarakuna. A irin waɗannan zangunan akan raba jariri da uwa mai kuturta don kada ya ɗauka, ya tashi a hannun ma'aikatan mishan, kuma batun addinin yaran ya zama abin jayayya tsakanin sarakuna da mishan da Turawan mulki. 'Yan mishan ba su taɓa ɓoye abin da ya kawo su ba. Amma sun taɓa gyambon da dangi ke ƙyama, kuma har gobe Musulmi na bin layi a asibitin ido na ECWA da SIM ta kafa a Kano a 1943.

Wannan bai wanke aikin gidajen marayu ba, kuma masu aiko da kuɗi daga Amurka da Ingila su ne suka fi buƙatar jin haka. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 an kama Amurkawa goma 'yan cocin Baptist za su tsallaka iyaka da yara 33 da sunan marayu, aka gano yawancinsu iyayensu na raye. A Jinja ta Yuganda, wata 'yar mishan Ba'amurkiya, Renee Bach, da ba ta karanci likitanci ba, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, yara 105 suka mutu a can kafin a rufe ta a 2015, shari'ar da iyaye mata biyu suka shigar kuma ta ƙare da sulhu a 2020. Rahoton ƙungiyar Save the Children na 2009 ya ce aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Binciken da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000 kan yara 136 ya nuna waɗanda aka fitar daga gidan marayu aka ba iyalai riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari ci gaban ƙwaƙwalwa. Jariri mutum ɗaya yake so wanda ba ya tashi daga aiki ƙarfe shida, kuma wannan hukunci bai bar gidan gwamnati ko na ƙungiyar Musulunci ba, duk yawan buhunan shinkafar da ake kai musu a yi hoto da azumi.

Abin takaicin shi ne Kano ba ta rasa madogara ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni ya mai da ɗaukar ɗan tsintuwa farilla a kan al'umma, ciyar da shi kuma a kan baitulmali. Jihar na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, tana da Dokar Kare Yara tun 2023. Da kuɗin da ake kashewa wajen riƙe jariri ɗaya a gidan marayu za a iya riƙe uwarsa a gida ta shayar da shi har ya yi ƙwari.

Gwamnatocin Legas da Kaduna sun ba ma'aikatansu mata hutun haihuwa na wata shida, amma wannan na masu ofis ne. Darasin da ya dace da Sharada yana ƙasashen da su ma da hannun mata suke sarrafa kaya. Dokar Bangaladash ta 2006 ta wajabta ɗakin raino a duk ma'aikatar da ke da mata 40, ta Indiya ta 2017 ta wajabta shi a duk inda ma'aikata suka kai 50. Sha'anin ƙwadago a Najeriya na tarayya ne, amma jiha ce ke ba da fili da izinin gini, kuma ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana da reshe na Sharada da Challawa, da wani na Bompai. In kamfani ɗaya ya ce abin ya yi masa nauyi, biyar na layi ɗaya za su iya haɗa ɗaki guda da famfo da tabarmi da mata biyu masu raino, nesa da hayaƙin injin da ruwan majema, a kuma rubuta cikin sharuɗɗan ɗan kwangila cewa matan da ya kawo suna da haƙƙin shiga.