Kiwon Dabbobi: Idan ƙashi ya maƙale wa kwikwiyo

A ƙauyukan Adar da Gobir da Damagaram, kare shi ne mai gadin gida da garke, shi ne kuma abokin tafiyar maharbi. Buzayen arewacin Tawa ma suna ji da karensu na Azawak kamar yadda suke ji da raƙumi. Amma kwikwiyo da yawa suna mutuwa tun ba su yi amfani ba, saboda abin da bai kai ya kawo ba: guntun ƙashi a maƙogwaro.

Daga wata 3 zuwa wata 7 kwikwiyo yake famfara, haƙoran nono 28 su zube, na girma 42 su fito. A lokacin nan duk abin da ya samu sai ya tauna: ƙashin kaza ko na zabo, ƙayar kifi, totuwar masara, ƙwallon aduwa, tsumma da leda. Abin ya fi yawa a kwanakin layya, da ƙasusuwa suke zube ko'ina. Dafaffen ƙashi ya fi ɗanye haɗari, don yana tsagewa kamar tsinke.

To, kafin kowa ya kai hannu, akwai tambaya guda wadda ta fi komai nauyi: yaya abin ya soma? Idan kwikwiyo lafiyarshi lau, yana cikin ci ko wasa, sai farat ɗaya ya hau kakari yana dāguwar bakinshi da ƙafa, wannan maƙalewa ce. Amma idan ya yi kwana ɗaya ko biyu halinshi ya sake, muryarshi ta canza, muƙamuƙinshi ya saki, miyau yana dalala, ba ya iya haɗiya, a ja da baya. Haka wani nau'in haukan kare yake zuwa, ba cizo ba gudu, sai a yi tsammanin ƙashi ne. Mutane sun sha ɗaukar ciwon ta wannan hanya, garin laluben ƙashin da babu shi. Ciwon nan kuwa, in alamunshi suka bayyana ga mutum, kusan kullum ajali ne. Irin wannan kare a rufe shi, a hana yara zuwa kusa, a sanar da ma'aikacin kiwo.

Idan an tabbata maƙalewa ce, a duba numfashi. Kwikwiyon da yake tari da ƙarfi, iska tana shiga. A bar shi ya yi tarinshi, sau da yawa da kanshi yake fitar da abin. Wanda ya yi shiru, ba tari ba kuka, harshenshi da dasashi suka dushe suka koma kamar toka, shi ne yake bakin mutuwa, kuma abin da ya rage mishi mintoci ne kaɗan. Idan akwai igiya a wuyanshi, a fara yanke ta.

Aikin na mutum biyu ne, manya ba yara ba. Ɗaya ya naɗe kwikwiyon da zane ko buhu, don ko kare mai ladabi yana cizo in ya firgita. Ɗayan ya kama hancinshi ta sama, ya danna leɓunan a kan haƙora, ya ja muƙamuƙin ƙasa, a haska da tocila. In ana ganin abin, a ciro shi da hantsaki, ko a sharo shi da yatsa daga gefe. Wani lokaci guntun icce ne ya gitta a rufin bakin, tsakanin turamen sama; wannan yana da sauƙin fita. Abin da ba a gani, kada a tura yatsa nemanshi, sai a ƙara cusa shi ciki. Zare ko ƙugiyar kifi ko allura kuma ba a jan su, aikin likitan dabbobi ne.

In bai fito ba, a ɗaga kwikwiyon ta cinyoyinshi, kai yana kallon ƙasa, a buga tsakanin allunan kafaɗunshi da tafin hannu sau 5. A duba baki. In har yanzu shiru, a jingina bayanshi da ƙirjin mai riƙon, a sa yatsu biyu ko uku a taushin ciki, daidai ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe, a danna ciki zuwa sama da sauri sau 5. Ƙarfin ya zama gwargwadon jikinshi, don hantar kwikwiyo ba ta da wuyar fashewa. A sake duba baki, a maimaita.

Akwai masu ɗura ruwa ko man gyaɗa, wai abin ya sulluɓe. Wannan kuskure ne: dabbar da ba ta iya haɗiya, abin da aka ɗura huhu yake wucewa.

Idan abin ya fita amma kwikwiyon ya suma, a kwantar da shi a gefen dama, a miƙe wuyanshi, a jawo harshe waje. In zuciya ba ta bugawa, a matsa ƙirjinshi tsakanin babban yatsa da sauran, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba, sau 100 zuwa 120 a minti. Hura iska a hancinshi tana taimakawa, sau 2 bayan kowane matsi 30, amma sai ga karen gida da aka san lafiyarshi, aka yi mishi allurar rigakafin hauka. Allurar nan ana soma ta tun yana wata 3.

Ko ya farfaɗo yana kaɗa wutsiya, a kai shi wurin ma'aikacin kiwo, don ƙashi yakan bar rauni a maƙoshi. Kwana biyu ko uku a ba shi abinci mai laushi kamar kunu.

Wanda haƙori ya taɓa wajen aikin, ko da ƙarzuna ce, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi gidan likita a ranar. Kwikwiyon kuma a ɗaure shi a sa mishi ido kwana 10, a riƙa gaya wa likita halin da yake ciki.