Cunkoso a Kan Zango Ɗaya

Sau da yawa idan hoton talabijin ya tsaya cik, ko lasifika marar waya ta dinga shaƙewa, sai maigida ya ɗora wa kamfanin intanet laifi, har ya sayo sabuwar rauta. Galibi wannan ɓarnar kuɗi ce. Akwatin talabijin da lasifika da rauta, har da na maƙwabta a gidajen bene na Landan, sukan taru a kan zango ɗaya, na gigahaz 2.4, kowa yana magana kamar ranar kasuwa. Abin da ya fi, tun da akwatin talabijin ba ya zuwa ko'ina, a ja masa waya daga rauta, a bar wa lasifika iska. In ta ƙi, a koma zangon gigahaz 5, ko da yake shi bango yana rage masa ƙarfi.