Littafin Ɓarayi Ya Fi Mini Sauƙi A Kan Ƙagaggen Tarihi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Kwanakin baya muna darasin tarihi a Islamiyya, muka iso kan halifa Haruna Rashid da yadda ya rushe gidan Baramika a shekara ta 187 bayan Hijira, wato 803 Miladiyya. Sai wani ɗalibina, yaro mai ƙwazo, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ai dalilin sananne ne. Wazirinsa Ja'afar ne ya haihu da Abbasa 'yar uwar halifa a ɓoye." Na ce masa a ina ya gani? Ya ce a littafin tarihi. Da ya kawo littafin washegari, sai ga shi ƙagaggen labari ne na Jurji Zaidan. Ban yi masa faɗa ba, domin ba shi kaɗai ba ne. Na sha zama inda matasa ke musayar ra'ayi kan littattafan da suka karanta, kuma kullum hukuncinsu ɗaya ne: littafin ɓarayi da 'yan sanda ɓata lokaci ne, wasu ma su ce haramun ne, amma labarin da aka gina kan tarihi ilimi ne, har lada suke tsammani a kai. Ni kuwa ina ganin an ɗora hular a gwiwa.

Bari in fara da Zaidan. An haife shi a Bairut a 1861, Kirista ne, ya koma Masar ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892, ya rasu a 1914. Ya rubuta ƙagaggun labarai sama da 20 da aka san su da jerin labaran tarihin Musulunci, daga Fatatu Gassan da Azra'u Ƙuraish zuwa Fathul Andalus da Shajaratud Durr. Alƙalaminsa yana da daɗi ƙwarai, ni ma na kwana a kansa ina ɗalibi, kuma ba addininsa ne ƙorafina ba. Ƙorafina hanyarsa ce. Zai ɗauko saurayi da budurwa, ya jefa soyayyarsu a tsakiyar babban lamari, har mai karatu ya tashi yana jin cewa dauloli suna tashi suna faɗuwa ne saboda wata kyakkyawa. A Azra'u Ƙuraish, lamarin da aka yi wa wannan ado shi ne kisan Sayyidina Usmanu da yaƙin Raƙumi da Siffin, wuraren da manyan malamai suke taka tsantsan kamar mai tafiya a kan ƙwai. Dakta Shauƙi Abu Khalil ya rubuta littafi sukutum yana auna waɗannan labarai da tarihi.

Wani zai ce: to ai labarin Abbasa ba Zaidan ya ƙirƙira ba, yana cikin tarihin Ɗabari. Gaskiya ne. Amma Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 310 bayan Hijira, ya bayyana a gabatarwarsa cewa shi mai isar da abin da aka ruwaito masa ne, nauyin yana kan masu ruwayar. A ruwayoyin zamanin farko yana jera sunayensu, domin ka bincika. Idan ka ga Abu Mikhnaf a cikin isnadin labarin Siffin ko Karbala, ka san malaman hadisi sun raunana shi, sai ka ja da baya. Ibn Khaldun kuma ya zo a Muƙaddima ya ɗauki wannan labari na Abbasa misalin tatsuniyar da masu tarihi ke haɗiya ba tauna. A wurinsa, abin da ya halaka Baramika shi ne sun kankane mulki da dukiyar daula, har halifa ya nemi kuɗi kaɗan ya rasa. To, marubucin ƙagaggen labari me yake yi? Yana cire isnadi, ya cire saɓani, ya zaɓi ruwayar da ta fi daɗin ji, ya sa mata hawaye da hasken wata. Ɗalibina bai taɓa jin cewa akwai wanda ya musa ba.

Yanzu dubi littafin laifi. Wanda ya karanta Sherlock Holmes, ko Poirot na Agatha Christie, bai taɓa zuwa ya yi rantsuwa cewa an yi wannan kisa ba. Ya san ƙarya ce tun daga bango, marubucin ma bai ɓoye ba. Har ma akwai abin da nagari daga cikinsu ke koyarwa: kada ka kama mutum don fuskarsa ta yi kama da ta mai laifi, ka nemi shaida, ka gwada maganar wannan da ta wancan. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Suratu Yusuf, inda rigar ta yage, gaba ko baya, shi ya raba gardama. A Suratul Hujurat an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu ɗora hukunci a kansa. A shari'a kuma mai ƙara ne ke kawo hujja.

Kada a ce Malam ya halatta komai. Littattafan James Hadley Chase da yayyenmu suka riƙa karɓar aro hannu da hannu cike suke da giya da alfasha, bangonsu kaɗai ya isa a ɓoye su. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, jininsa ya yi yawa ga ƙaramin yaro. Amma wannan cuta ce da ake gani da ido, uba yana hango ta daga nesa ya ƙwace littafin. Ɗayan kuwa da rawani yake shigowa gida, uba ya ga sunan sahabi a bango ya sa albarka.

Mu ma a nan muna da namu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara duk sun fito a 1934 daga gasar da aka shirya a Zariya. Ganɗoki ya fi burge ni ta wannan fuska: ya fara da yaƙin Turawa, sannan ya zarce ƙasar aljanu, ko yaro ya san inda tarihi ya tsaya. Shaihu Umar ya nuna zafin farautar bayi ta bakin mutumin da aka ƙirƙira, bai ɗora wa wani sananne maganar da bai faɗa ba. Najib Kilani na Masar kuma ya rubuta Amaliƙatush Shamal a kan Arewacin Nijeriya da zamanin Sardauna. Niyyarsa ta alheri ce, amma duk da haka ba zan yarda ɗalibi ya kafa mini hujja da shi kan abin da ya faru a 1966 ba. Marubuci ya zama namu, hakan ba ya mai da ƙagaggen labarinsa ruwaya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda gardamar ke ƙarewa. Saurayi ya karanta littafi uku, ko ya kalli jerin fim ɗin Ertugrul wanda aka fara a 2014, alhali abin da tarihi ya tabbatar game da mutumin kaɗan ne ƙwarai, sai ya zauna yana raba aljanna da wuta tsakanin mutanen da suka rasu ƙarnuka da dama. Wannan azzalumi ne, wancan munafuki ne. Ka tambaye shi hujja, ya ce ai ya karanta. Naman mamaci ma nama ne, kuma mutuncin Musulmi ba ya faɗuwa don ya daɗe a kabari.

Ɗalibin nan ban ƙwace masa littafinsa ba. Na ba shi aron Muƙaddima, na naɗe masa shafin da ake maganar Abbasa, na ce ya karanta duka biyun, mako mai zuwa ya tsaya gaban aji ya gaya mana wanne ya kawo hujja, wanne ya kawo hawaye.