Sakatar Ƙofar Jirgi Ba Abin Yi Wa Dabara Ba Ce

Ranar 5 ga Janairu, 2008, wani ƙaramin jirgin fasinja ƙirar Piper Navajo Chieftain na kamfanin Servant Air ya tashi daga Kodiak a jihar Alaska ta Amurka zai nufi garin Homer, ɗauke da mutum 10. Fasinjojin masunta ne da za su koma gida yin Kirsimeti bisa kalandar cocinsu. Jirgin bai gama ɗagawa ba sai ƙofar ma'ajiyar kaya da ke hancinsa ta buɗe. Matuƙin ya nemi ya juyo, gudun jirgin ya gaza, fukafukan suka kasa riƙe shi, ya faɗa ruwa daf da filin jirgin. Mutum 6 suka mutu, har da matuƙin.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ba ta ɗora laifin a kan inji ba, ba ta ɗora a kan yanayi ba. Ta ɗora shi ne a kan masu gyaran jiragen kamfanin, waɗanda suka kasa tabbatar da cewa sakatar ƙofar tana yadda ya kamata. Abin da aka gano ya isa ya sa mutum takaici. An cire makullin asali mai mabuɗi, an maye gurbinsa da wata 'yar sakata da ake murɗawa da yatsa, wadda ba a amince da ita ba. Murfin robar da ke kare sakatar daga gugar kaya ta ciki ma alamu sun nuna babu shi a wurin.

Wannan ganganci ne, kuma sunansa ke nan. Wani ya dubi makullin, ya ga neman mabuɗi kullum yana cin lokaci, ko na asalin ya lalace, sai ya yi masa dabara. Wasu suka yi ta buɗe ƙofar suna loda kaya suna rufewa, babu wanda ya ce a tsaya. Ƙofar rumfar kasuwa ce ake yi wa irin wannan kwaskwarima, don in ta buɗe kaya ne kawai za a yi asara. Makanikin da ya sa hannu a takarda cewa jirgi ya cancanci tashi, ya ɗauki amanar rayukan mutanen da ba su san inda sakatar take ba, balle su duba ta.

Akwai masu cewa ai ƙofa ce kawai, ƙaramin jirgi yana iya tashi ko a buɗe take. Sau da yawa haka ne, kuma wannan maganar ce take rage wa mutane tsoro har su yi sake. Yawancin ƙofofin fasinja na manyan jirage, matsin iskar ciki ne ke danne su a mazauninsu idan an yi nisa a sama. Ƙananan jirage irin wannan ba su da wannan matsin; sakata ce kaɗai ke riƙe ƙofa. Kuma an fi samun buɗewar a lokacin tashi, sa'ad da jirgi ke kusa da ƙasa, gudunsa bai kai ba. Ga ƙara mai firgitarwa, ga ƙofa tana kaɗawa a gaban farfela, ga kaya da za su iya zubowa cikinta, ga matuƙi shi kaɗai da 'yan daƙiƙu a hannunsa. A Kodiak, NTSB ta ce babu isasshen bayani da aka tanadar wa kamfanin da matuƙin kan abin da za a yi idan ƙofar ta buɗe a sama. An bar shi ya ƙirƙiro mafita a take, da mutum 9 a bayansa.

Ba kuma a ranar aka fara ganin gargaɗi ba. A 1987, matuƙin wani Beechcraft 99 da ya tashi daga Lewiston a jihar Maine zuwa Boston ya ji ƙofar baya tana ƙara, ya je dubawa, ta buɗe da shi. Haka ya maƙale a jikin matakalar ƙofar, a waje, har mataimakinsa ya sauke jirgin a Portland. Ya tsira, labarin ya zama abin al'ajabi a jaridu, aka wuce.

Ban cire hukumomi daga wannan laifi ba. A Alaska ƙauyuka da yawa ba su da titin mota. Ƙaramin jirgi shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, mutane ba su da zaɓin ƙin shiga. Inda jama'a ba su da zaɓi, nan ne ya kamata sa ido ya fi tsanani. Amma sai a 2009 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarnin dole kan ƙofofin hancin waɗannan jiragen Piper, ta ƙayyade wa'adin da sassan sakatar za su yi kafin a canza su. A cikin umarnin da kanta ta ambaci cewa an sha samun haɗurra, har da na asarar rai, saboda wannan ƙofar. Tana da labarin haɗurran baya a hannunta tun kafin jirgin Kodiak ya tashi, ta jira sai da aka tsamo gawarwaki daga ruwa kafin ta mayar da gyaran dole.